Igiyar Awo da Alƙalami: Daga Babila zuwa New Bell

Duk wanda ya taɓa shiga New Bell, wato babbar unguwar baƙi ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru, ya san fili ba abin wasa ba ne a can. Gida yana jingine da gida, shago yana manne da shago, wani lungun ma sai mutum ya karkata kafin ya wuce ɗan'uwansa. Ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wanda yakan share alamar da aka kafa a kan iyaka. A wuri irin wannan, taki ɗaya na ƙasa ya isa ya raba maƙwabtan da suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya.

A ce wani tela ne a unguwar Hausawa ya gaji fili daga mahaifinsa. Takardar da ya tarar ta ce girman filin murabba'in mita 308 ne. Dattawan unguwa kuma sun shaida cewa tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 8, amma turakun iyaka sun ɓace tuntuni. To, mita nawa ne faɗin, mita nawa ne tsawon? Wani zai ce ai sai a yi ta gwadawa har a dace. Ana iya dacewa kam, amma akwai hanya tabbatacciya wadda ba ta bukatar sa'a. 'Yan makarantar Nijeriya sun san ta da sunan kwadiratik, na Kamaru da Nijar kuwa suna koyonta da Faransanci, da sunan da ke nufin lissafi mai mataki na biyu. Da Hausa ana iya ce mata lissafin murabba'i, domin a cikinta adadin da ake nema yakan ninka kansa, kamar yadda gefen murabba'i yake ninka kansa ya ba da girman fili. Yara da yawa suna zaton Turawa ne suka ƙago ta don wahalar da masu jarrabawa. Alhali kuwa ta girmi Turanci da Faransanci da Jamusanci duka, kuma daga gona da igiyar awo ta fito.

Allunan Babila

Wajen shekara 1800 kafin haihuwar Almasihu, a ƙasar da ke tsakanin kogin Yufiretis da kogin Taigiris, inda ake kira Iraƙi a yau, akwai makarantun horar da magatakarda a birane irin su Ur da Nippur da Babila. Noman ƙasar na ban ruwa ne, kuma dole a san girman kowace gona saboda haraji da haya da rabon gado. Ɗalibai suna rubutu da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu, in ya bushe ya zama allo. Ƙirgansu a kan sittin-sittin yake tafiya, ba goma-goma ba, kuma gadonsu ake ci har wa yau da ake raba awa ɗaya minti 60.

Ɗaya daga cikin allunan nan yana babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, da lamba BM 13901. An rubuta tambayoyi 24 a kansa, duk a kan murabba'i. Ta farko tana neman gefen murabba'in da in an tara girmansa da gefensa za a sami uku bisa huɗu. Amsar ita ce rabi, domin rabi sau rabi kwata ne, kwata da rabi kuwa uku bisa huɗu ke nan. Masana biyu, Otto Neugebauer da François Thureau-Dangin, su ne suka warware irin waɗannan alluna a shekarun 1930. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Denmark, Jens Høyrup, ya bi kalmomin allunan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa magatakardan Babila yanka da liƙi suke yi a zuci, kamar mai ɗinki da ƙyalle.

Ga yadda ɗan makarantar Babila zai yi da filin telan nan. Zai dubi filin kashi biyu: murabba'i sosai, wanda kowane gefensa daidai yake da faɗin da ake nema, sai kuma rarar da ke manne da shi mai mita 8. Sai ya tsaga rarar biyu, mita 4 da mita 4. Ya bar tsagi ɗaya inda yake, ya ɗauke ɗayan ya liƙa shi a ƙasan murabba'in. Bai ƙara ƙasa ba, bai rage ba, har yanzu 308 ne. Amma siffar ta sake, ta zama babban murabba'i wanda kusurwarsa ɗaya ta gutsure. Gurbin nan mita 4 ne ta kowane gefe, wato 4 sau 4, 16 ke nan. Sai ya ari 16 ya cike gurbin, jimla ta zama 324. Wane adadi ne in ya ninka kansa zai ba da 324? Amsa ita ce 18. Ke nan gefen babban murabba'in mita 18 ne. In an ɗebe 4 ɗin da aka liƙa, faɗi ya fito mita 14. In an ƙara 4, tsawo ya fito mita 22. Mai shakka sai ya ninka 14 sau 22, zai ga 308 cif.

Wannan dabara ita ake kira cike murabba'i, kuma duk abin da aka ƙara a kanta cikin shekara kusan 4,000 ado ne da gajarta hanya. Ma'aunin gona yakan auna gefuna ya fitar da girma. Juya tambayar baya, wato a ba da girma a nemi gefuna, a ganin Høyrup ya faro ne kamar kacici-kacici tsakanin masu awo, don a gane gwani a cikin almajirai, kafin makarantu su ɗauke shi.

Masar, Helenawa da Indiya

A tsohuwar Masar kogin Nilu yakan yi ambaliya kowace shekara ya share iyakokin gonaki. Marubucin tarihin nan na Helenawa, Herodotus, ya ba da labari cewa sarki yakan aiki masu awo su duba abin da ruwa ya cinye don a rage wa mai gona haraji, kuma a ganinsa daga nan ilimin siffofi ya samo asali. Sunan da Helenawa suka ba ilimin, wanda ya zama jometiri a makarantun yau, ma'anarsa awon ƙasa. Akwai wata tsohuwar takardar Masar a Berlin da ke neman a raba fili mai girman 100 zuwa murabba'i biyu, gefen ƙaramin ya zama uku bisa huɗu na gefen babban. Amsar 8 da 6 ce, gama 64 da 36 sun cika 100.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, Yuklid na Iskandariya ya tsara hujjojin irin wannan yanka da liƙi da zane. A Indiya kuwa, a shekara ta 628, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idar warware lissafin da kalmomi, ya kuma karɓi adadin da ke ƙasa da sifiri, ya kira shi bashi, na sama da sifiri kuma dukiya.

Mai ɗori na Bagadaza

Mutumin da ya mai da dabarar ta zama fanni mai zaman kansa shi ne Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Wajen shekara ta 820 ya rubuta littafinsa a kan aljabru da muƙabala. A gabatarwa ya bayyana cewa don bukatun yau da kullum ya yi shi, irin su rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar hanyoyin ruwa. Haka kuwa littafin yake: bayan ƙa'idoji akwai babi a kan awo, sa'an nan dogon sashe a kan wasiyya.

Kalmar aljabru a Larabci tana da dangantaka da ɗorin karaya. In an ɗebe wani abu a gefe ɗaya na lissafi, sai a mayar da shi ta ƙara kwatankwacinsa a gefe biyun, kamar yadda mai ɗori yake mai da ƙashi wurinsa. Muƙabala kuwa ita ce a fuskantar da gefe biyun a soke abin da suka yi tarayya a kai. Al-Khawarizmi bai yi amfani da alama ko ɗaya ba, da kalmomi ya rubuta kome. Adadin da ake nema ya kira shi saiwa, in ya ninka kansa kuma ya kira shi dukiya. Da yake bai karɓi adadin da ke ƙasa da sifiri ba, sai ya kasa lissafin gida shida, kowane da hanyarsa. Misalinsa da ya fi shahara shi ne na dukiya ɗaya da saiwa goma da suka yi daidai da 39. Rabin 10 shi ne 5, 5 sau 5 kuma 25, a tara da 39 a sami 64, saiwar 64 ita ce 8, a ɗebe 5, saura 3. Ya kuma zana murabba'in ya nuna gurbin da aka cike, yadda mai karatu zai gani da idonsa, ba ya haddace kawai ba.

Bagadazan wancan zamani matattarar masana ce daga al'ummai dabam-dabam. A cikin ƙarnin nan na tara, Kusta bin Luka, Kirista daga Ba'albek, ya fassara littafin lissafi na Diyofantus zuwa Larabci, Ishaƙ bin Hunain kuma, shi ma Kirista, ya fassara na Yuklid. Daga Larabci ilimin ya ƙetara Turai. Robert na Chester ya fassara littafin al-Khawarizmi zuwa Latin a ƙasar Sifen a 1145. Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi yana yaro a garin Bijaya na Aljeriya, ya fitar da nasa littafin a 1202. Haruffan x da y da ɗalibai ke fama da su sun zaunu ne da littafin René Descartes na 1637. Da su tambayar tela takan zama layi ɗaya: x² + 8x = 308.

Hisabi da taki a ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa reshen hisabi da ya fi kafuwa wurin malamai shi ne na rabon gado, inda ake fama da rabi da sulusi da sudusi da sumuni. An kuma yi gwanaye waɗanda sunansu ya kai nesa. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya tashi daga Katsina ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Talaka kuwa da jikinsa yake awo: kamu, gaba, taki. Girman gona sau da yawa da yawan daman da take bayarwa ake kwatanta shi. Zuwan Turawan Ingila ya sauya wannan. Tun wajen 1910 aka shiga sanya haraji a ƙasar Kano bisa girman gona, aka ɗauki waɗanda ake kira malaman taki, suna taka tsawo da faɗin gona suna ninkawa suna rubutawa. A 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda lissafi yake cikin abin da ake koyarwa. Sai dai takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma manomin da bai iya ninka tsawo da faɗi ba, ba shi da bakin musun abin da aka rubuta masa. A daidai shekarun nan ne kuma, can bakin teku, igiyar awo ta jawo abin da ya fi haraji muni.

Yadda aka auna Duwala

Ran 12 ga Yuli 1884, sarakunan Duwala, Ndumbe Lobe Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus. Bayan kwana biyu Gustav Nachtigal, wanda ya taɓa kai wa Shehu Umar na Borno kyautar sarkin Furusiya a Kukawa a 1870, ya kafa tutar Jamus. A cikin yarjejeniyar an rubuta sharaɗi cewa gonakin da mutanen Duwala suke nomawa da wuraren da garuruwansu suke za su ci gaba da zama nasu da na magadansu.

Kafin shekara 30 ta cika aka take sharaɗin. Tashar jiragen ruwa ta kogin Wuri tana bunƙasa, ana shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, filin bakin kogi kuma yana ta tsada. A 1910 jami'in mulkin birnin, Hermann Röhm, ya fito da shiri na kwashe 'yan ƙasa daga bakin ruwa a mai da wurin unguwar Turawa zalla. Hujjar da aka bayar ta lafiya ce: wai a nisanta Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka aka shata wani zirin fili mai faɗin kilomita ɗaya wanda ba za a yi gini a cikinsa ba, a bayansa kuma aka yanka sababbin unguwanni, aka sa musu suna Sabuwar Bell da Sabuwar Akwa da Sabuwar Deido. Asalin sunan New Bell ke nan.

Filin da aka shirya ƙwacewa wajen hekta 900 ne. Mutumin da bai saba da hekta ba zai ji adadin kamar ba wani abu ba ne, sai ya sa lissafin Babila. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, hekta 900 kuwa miliyan 9. Saiwar miliyan 9 ita ce 3,000. Wato da a ce filin murabba'i ɗaya ne, da kowane gefensa kilomita 3 ne, kuma ba daji ba ne, zuciyar gari ce, inda gidaje da kaburburan kakanni da mashigin kwalekwalen masunta suke. Diyyar da aka yanka kuwa ba ta kusanci abin da fili yake yi a kasuwa ba.

Sarkin Bell na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, ya yi karatu a garuruwan Aalen da Ulm na Jamus, ya san harshensu da dokokinsu. Bai ɗauki makami ba, takarda ya ɗauka. Shi da sauran sarakuna suka yi ta aika koke zuwa majalisar dokokin Jamus suna tuna mata sharaɗin 1884. Duk da haka aka zartar da ƙwacen a Janairu 1913, aka kuma tuɓe shi daga sarauta a shekarar. Ya aiki magatakardansa, Ngoso Din, a ɓoye zuwa Jamus don ya nemi lauyoyi da 'yan jarida, har a watan Maris 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisar ya dakatar da aikin na ɗan lokaci. Ganin haka sai hukumar mulkin mallaka ta tuhume shi da cin amanar ƙasa, bisa zargin ya aika wa Sarkin Bamum, Njoya, saƙon neman haɗin kai. Aka kama Ngoso Din a Berlin aka komo da shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ɓarkewa aka yi musu shari'a cikin gaggawa. Shugabannin mishan na Katolika da na Basel da na Baftis suka roƙi gwamna Karl Ebermaier ya yi sassauci, ya ƙi. Ran 8 ga Agusta 1914 aka rataye su biyun. Bayan mako bakwai, ran 27 ga Satumba, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Duwala. A 2022 birnin Berlin ya cire sunan Nachtigal daga wani dandali ya sa na Manga Bell.

Unguwar baƙi

Faransawa, waɗanda birnin ya koma hannunsu a 1916, ba su mai da filin da aka ƙwace ba. Mutanen Bell kuma ba su yarda New Bell ta zama gidansu ba, daga baya yawancinsu suka zauna a unguwar Bali. Wurin da suka ƙi shi ne baƙi suka cika: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa, Ewondo, mutanen Togo da Dahomey da Nijeriya da Senegal. Hausawa suna cikin na farko-farko. Tun zamanin Jamusawa fataken Hausa suke gangarowa ta Adamawa, ta Banyo da Tibati da Yoko, suna cinikin hauren giwa da goro da roba da tufafi, a bayansu kuma mahauta da teloli da dillalan shanu suka biyo. A kudancin Kamaru har duk wani Musulmi ɗan arewa mai babbar riga akan ce masa Bahaushe. Sunayen sassan New Bell suna ba da wannan tarihi da kansu: akwai na Hausawa, da na Bamileke, da na Basa, da Kongo, har ma da wani da ake kira Babylone, wato Babila.

Kafin samun 'yancin kai a 1960 New Bell ta zama unguwa mafi yawan jama'a a birnin. Amma yawancin mazaunanta sun yi gini ne a kan ƙasar da ba su da takardar mallakarta, da katako da kwano, ba bisa shatin safiyo ba. A Afrilu 1960 gobara ta cinye sashen Kongo ta bar dubban mutane ba matsuguni. Dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974 da ƙa'idar da ta biyo baya a 1976 sun tabbatar cewa takardar mallaka ta hukuma ita ce shaidar mallakar fili a Kamaru, ita kuwa ba ta samuwa sai ma'aikacin safiyo ya zo ya kafa turaku ya rubuta girman fili da murabba'in mita. Ta haka adadin da ke kan takarda ya zama abin da iyali za su dogara da shi bayan dattawan da suka san iyaka sun shuɗe.

Lissafi a tsakar gida

A koma wurin tela. Yanzu ya san filinsa mita 22 ne da mita 14. Yana so ya kewaye shi da ɗakunan haya masu zurfi ɗaya, ɗayansu ya zama zaure, ya bar tsakar gida mai murabba'in mita 128 don girki da shanya da wasan yara. Mita nawa zai ba zurfin ɗaki? In an kira zurfin x, tsawon tsakar gida zai zama 22 − 2x, faɗinta kuma 14 − 2x, tun da ɗakuna sun ci ta gefe biyu. In an ninka su za a sami 308 − 72x + 4x² = 128. Nan aikin mai ɗori ya zo: a ƙara 72x a gefe biyun don a mai da abin da aka ɗebe. Sa'an nan muƙabala: a soke 128 daga gefe biyun, saura 4x² + 180 = 72x. A raba kome da 4, ya zama x² + 45 = 18x. Rabin 18 shi ne 9, 9 sau 9 kuma 81, a ɗebe 45 saura 36, saiwar 36 ita ce 6. To, 9 a ɗebe 6 ya ba da 3, 9 a ƙara 6 ya ba da 15.

Amsa biyu ke nan, kuma al-Khawarizmi ya riga ya lura cewa wannan gida na lissafi yakan haifi tagwaye. A kan takarda dukansu daidai ne. A kan ƙasa kuwa ɗaki mai zurfin mita 15 ba zai shiga filin da faɗinsa mita 14 ne ba. Saboda haka 3 ce amsa: tsakar gida ta zama mita 16 da mita 8, wato 128. Alƙalami yakan kawo amsa, amma sai mai hankali ya koma ya dubi filin kafin ya zaɓa.

Akwai kuma wani kuskure da ke cin masu sayen fili, wato auna girma da kewaye. Shingen kwano mai mita 60 yana iya kewaye fili mai mita 15 da 15, girmansa 225. Yana iya kewaye mai 20 da 10, girmansa 200. Yana kuma iya kewaye mai 25 da 5, girmansa 125 kacal. Mai saye ya zagaya duka ukun da ƙafa zai ƙirga taki ɗaya, alhali na farko ya kusa ninka na ƙarshe. In kuwa aka ce masa shinge mita 60 ne, girma kuma 216, yana iya gano siffar filin tun bai je ba. Tsawo da faɗi tare 30 ne, rabinsa 15, 15 sau 15 kuma 225, a ɗebe 216 saura 9, saiwarsa 3. Filin mita 18 ne da mita 12.

Tarihin New Bell bai nuna cewa iya lissafi yana hana zalunci ba. Manga Bell ya san adadi ya san doka, duk da haka aka rataye shi, waɗanda suka shata zirin kilomita ɗaya kuma gwanayen awo ne. Igiyar awo ba ta da tausayi, ba ta da mugunta, tana bin hannun da ya riƙe ta ne. Amma saboda sarakunan Duwala sun iya karanta takarda sun kuma rubuta tasu, ƙarar da suka kai ba ta mutu tare da su ba, har jikokin waɗanda suka yi hukuncin suka komo suna karanta ta. Manomin Kano da aka taka wa gona bai bar irin wannan shaida ba, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka iyayen da yaronsu ya komo daga makaranta yana ƙorafin x da saiwa, a New Bell ne ko a Sabon Gari ko a Maraɗi, suna da amsar da za su ba shi. Su miƙa masa igiya da takardar filin gidan, ya fita ya auna tsawo da faɗi, ya ninka, ya ga ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da aka rubuta. In bai yi daidai ba, gara a sani tun dattawan unguwa suna da rai.